Wayar da Ta Yi Ƙara Ina Tsugune Gaban Surukina

Zuwa ga Shugaban Shirin Bashin Abinci ta Waya,
Ofishinku da ke Kaladan, Tamale.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ranka ya daɗe, sunana Sani. Baduku ne ni, ina ɗinka takalman fata a wata 'yar rumfa a gefen kasuwa, ina zaune a Tishigu da matata da 'ya'yanmu huɗu, cikin ɗaki biyu na haya a wani babban gida. Ban san sunanka ba. Na tambaya a ofishinku an ce min ba a bayarwa. Na'urarku kuwa ta san nawa, ta san na matata, ta san abin da muke ci da nawa ake bina, kuma ta faɗe su duka a inda bai kamata ba.

Na rubuta da Hausa saboda da Hausa na'urar ta kunyata ni. Na kuma rubuta a fili saboda na kai kukana ofishinku a ɓoye, na koma na sake kaiwa, ba wanda ya waiwaye ni. Wallahi da akwai sauran abin ɓoyewa da ban saki wannan takarda ba, don babu magidancin da ke son a san da bashi tukunyarsa ke hawa murhu. Amma a Tishigu yanzu babu wanda bai ji ba. Har mai kokon bakin layinmu ta fara ƙara min ƙosai ɗaya ban roƙa ba, ni kuma in karɓa kaina a ƙasa.

Ga abin da ya faru, bi da bi.

Na farko. Zan fara da alherinku, don kada a ce mai fushi ne kawai ya ɗauki biro.

Sana'armu ta ja baya. Fata ta yi tsada, takalman roba na waje sun cika kasuwa, akwai ranar da zan buɗe rumfa in rufe ban ga ko kwabo ba. Kafin shirinku, matata ce ke zagawa wajen matan unguwa ta karɓo kwano ɗaya nan, kwalbar mai can. Suna ba ta, Allah ya saka musu, amma akwai irin kallon da ake yi wa mace ta dawo gida ta kasa cin abin da ta karɓo. Sai wata ma'aikaciyarku ta zo kasuwa ta yi mana bayani. Ta ce akwai ƙirƙirarriyar basira, wato na'ura mai nazari da kanta, da za ta duba shige da ficen momo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, a layin mutum, ta yanke masa iya abin da zai ɗauka. A turo maka lamba, ka je shagon da ka zaɓa ka karɓi masara da shinkafa da wake da mai, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan duk mako. Ta ce babu kuɗin ruwa, sai ɗan abin hidima.

Abin da ya ja ni ba sauƙin biyan ba ne. Na ce a raina, na'ura ba ta da ido, ba ta da maƙwabciya, ba ta zuwa suna ko biki balle ta ba da labarina. Don ƙarin rufin asiri ma ban zaɓi shagon unguwarmu ba, na zaɓi na wata dattijuwa, Mma Adisa, can Dabokpa, inda ba wanda ya san fuskata. Kan keke nake zuwa, in ɗaure kayan cikin buhun fata, duk wanda ya gan ni ya ɗauka kayan aiki ne. Fiye da shekara muna haka. Ban taɓa tsallake biya ba, har na'urar ta ƙara min iyaka da kanta. Da damina ta yi nauyi ciniki ya mutu, ita ce ta turo cewa ta ƙara min lokaci, ban roƙa ba. 'Ya'yana sun ƙoshi ta dalilinku, na kuma yi muku addu'a a sallah. Wannan gaskiya ce, ba zan janye ta ba.

Na biyu. Abin da na'urarku ta gani ta kira shi sayar da abinci.

A gidan da muke haya akwai wani Badagombe mai suna Fuseini, direban yalo-yalo, wato babur mai ƙafa uku na haya, ɗakinsa na kallon nawa. Zazzaɓi ya kama shi, kafin a ce me ke nan Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mata, Sanatu, da yara ƙanana, da mashin ɗin da bai gama biya ba. Ranka ya daɗe, in kai ɗan garin nan ne ka san yadda ake yi. Ɗakin da aka yi rasuwa ba ya hura wuta. Dangi suna zuwa daga ƙauyuka su cika tsakar gida, wasu su kwana har a yi addu'ar bakwai, kuma mutanen gida ne ke ciyar da su. Ba a tambayar wane ne Bahaushe wane ne Badagombe, ana ɗora tukunya ne kawai.

Rasuwar ta zo tsakiyar wata, mazan gidan kowa aljihunsa a bushe. Ni kaɗai na san ina da ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Sai na ce musu na san wani shago mai rangwame, zan kawo kayan, kowa ya turo min rabonsa ta momo in ya samu. Ban ce musu bashi ba ne. Na je wajen Mma Adisa na ɗauko har iyakar abin da na'ura ta yarda min, ninki uku na abin da na saba. Daga nan kuɗi suka fara shigowa: wannan sidi goma, wancan ashirin, wata tsohuwa biyar. Wasu suka ce sai ƙarshen wata. Abin da ya shigo kuma bai tsaya ba, ya tafi a itace da tattasai da kifi da ruwan leda na masu gaisuwa. Ranar biya ta zo ta wuce, karo na farko ban cika ba.

To ga abin da na'urarku ta haɗa: gidan mutum shida ya kwashi abincin taro, sai ga ƙananan kuɗi na shigowa daga lambobi barkatai, sai kuma biya ya tsaya. Ta yanke cewa na buɗe kasuwa da kayanku. Ni ma da za a nuna min wannan lissafin ba a gaya min an yi mutuwa ba, zan iya yin zargi. Amma zan tambaya kafin in buɗe baki. Kun ce ta turo min saƙonni. Ta turo, da Turanci, ni kuwa Hausa da ajami nake karantawa, na ɗauka tunin da aka saba ne. Kun ce ta kira ni ban ɗauka ba. Ina zaune a tabarmar makoki ana karatu, wayata a kashe, kamar yadda ta duk mai hankali za ta kasance.

Na uku. Ranar Juma'a.

Surukina, mahaifin matata, dattijo ne da ake ji da shi a Tishigu. Ya yi fataucin goro har ƙarfinsa ya ƙare. Ba zan rubuta sunansa ba, don tun da na auri 'yarsa bakina bai taɓa furta shi ba, Alhaji kawai nake cewa. Matata ce 'yarsa ta fari, shi ma ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "yarinyar nan", ga ta da 'ya'ya huɗu. Lokacin da ya ba ni ita akwai masu mota da suka nema, ya zaɓi baduku. Kunnensa ya yi nauyi yanzu, don haka wayarsa kullum a buɗe take da babbar murya, duk wanda ya kira shi ya kira majalisarsa gaba ɗaya.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan zauna ƙofar gidansa ƙarƙashin dogonyaro, shi da abokansa. Ni kuma tun aurenmu ban fasa zuwa ba. In cire takalmi daga nesa, in tsuguna a gefen tabarma, in gaishe shi ba tare da na ɗaga ido ba, in ajiye ɗan goro. Tambayarsa ɗaya ce kullum: yaya gida, akwai abinci? Amsata ma ɗaya ce: alhamdulillahi, sai godiya.

Wannan Juma'ar ma haka aka yi. Na tsuguna, na ajiye goro da sidi ashirin a bakin tabarma, ya tambaya, na ce sai godiya. Ban rufe baki ba wayarsa ta yi ƙara. Ya laluba aljihu ya danna. Sai ga muryar mace, Hausa tsaf irin ta rediyo, ta yi sallama. Alhaji ya amsa mata da girmamawa, yana tsammanin mutum ce. Ta kira sunansa tsirara, ba Alhaji ba Baba. Sannan ta ce, kuma ban manta ko kalma ɗaya ba:

"Muna kira game da Sani, mijin Rukayya. Ana binsa bashin abinci, sidi ɗari huɗu da tamanin, na shinkafa da masara da mai. An dakatar da shi bisa zargin sayar da abincin. In za ka biya masa, danna ɗaya. In kana so a maimaita, danna biyu."

Tsoho ya rikice yana neman inda zai kashe, yatsansa ya faɗa kan biyu. Ta maimaita. Daga farko har ƙarshe, da sunana, da sunan 'yarsa da shi kansa ba ya faɗa, da sidi ɗari huɗu da tamanin. A wurin akwai na'ibin limaminmu. Akwai wani ɗan kasuwa da ke ba ni aikin takalman biki. Akwai tsofaffin da suka ɗaura min aure. Da ta fara zagaye na uku, Alhaji ya miƙo min wayar, bai dube ni ba, ya ce, "Kashe min abin nan."

Ni na kashe ta, da hannuna, ina tsugune. Ga gorona da sidi ashirin ɗina a bakin tabarma, kyautar mutumin da yanzu aka gaya wa kowa shinkafar gidansa ta bashi ce. Wani tsoho, Allah ya saka masa da alheri, ya fara zancen ruwan sama. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ban san yadda na yi sallama ba. Sai da na kusa gida na lura na sa takalmin dama a hagu, ni da nake ɗinka takalma.

Ranka ya daɗe, na yi rashin uwa, na yi rashin uba, na taɓa kwana da yunwa. Duk cikinsu babu wanda ya hana ni ɗaga kai in dubi mutane. Wannan ya hana ni.

Na huɗu. Wa ya ba ku lambar Alhaji?

Ba ni ba ne. Da aka ce in ba da lambar wanda ya san ni, ta ƙanena da ke Kumasi na bayar, shi kuma ashe layinsa ya ɓata. A ofishinku wani saurayi ya duba kwamfuta ya ce in ba a samu wanda aka rubuta ba, na'urar kan zaɓi wanda ya fi kusa da mutum daga cikin waɗanda yake tura wa kuɗi. Ni kuwa duk ƙarshen wata, ko da me nake ciki, ina tura wa Alhaji ɗan kuɗin goro ta momo. Shi ne ta gani ta ce ga na kusa.

Ina roƙonka ka gaya wa waɗanda suka koya mata aiki cewa a wajenmu ba haka ake auna kusanci ba. Abokina da muke shan shayi tare, wanda ya san komai nawa, ban taɓa tura masa ko sidi ɗaya ba. Wanda nake tura wa kuɗi ba fashi shi ne wanda na fi jin nauyinsa a duniya. Ba na cin abinci a gabansa. In na hango shi a hanya nakan sauka daga keke. Da za a ce in zaɓi mutum ɗaya a Tamale da bai kamata ya ji wannan magana ba, shi zan zaɓa, shi kuma na'urarku ta zaɓa.

Na tambayi saurayin me ya sa sai ranar Juma'a bayan masallaci. Ya ce na'urar tana koyon lokacin da kowa ya fi ɗaukar waya. Lallai ta koya. Alhaji yana ɗauka a lokacin ne saboda yana zaune cikin mutane, ba abin da yake yi sai hira. Saurayin ya kuma ce ai na yarda da duk wannan ranar da na shiga shirin. Na tuna ranar. Rubutu ne mai tsawo da Turanci a fuskar waya, ma'aikaciyarku ta ce min, "Danna nan kawai, Baba." Na danna. Da ta ce min wata rana za a iya kiran surukina, da na gode mata na koma rumfata.

Na biyar. Abin da ya biyo baya, don ka san kira ɗaya ba ya ƙarewa inda aka kashe waya.

Washegari motokin, babur ɗin nan na dakon kaya, ya tsaya a ƙofar gidanmu, direban ya sauke rabin buhun masara da shinkafa da galan na mai, ya ce daga gidan Alhaji. Babu saƙo, babu faɗa. Da ya kira ni ya zage ni da ya fi min sauƙi. Matata ta zauna gaban buhun tana kuka, don ita ma ta sha gaya wa mahaifiyarta muna cikin wadata. Daga ranar aka ce yara in sun taso makaranta su biya gidan kakansu su ci na rana. Ba wanda ya ce na gaza. Amma duk yamma ina ganinsu suna dawowa da maiƙo a baki, ina yi musu murmushin dole.

Bashi ba laifi ba ne, ko a wurin tsofaffin nan akwai waɗanda suka ci bashi. Kalmar da ta kashe ni ita ce zargin sayarwa. Ɗan kasuwar nan da ke ba ni rabin kuɗi kafin in fara aiki, yanzu cewa yake in gama tukuna. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Abin da ya fi duka kuwa shi ne na Sanatu. Maganar ta zaga har ta shiga ɗakin takaba. Ta gane cewa abincin da masu makokin mijinta suka ci shi ne ya jawo min wannan. Sai ga ta a ƙofar ɗakinmu da kayan takabarta, ta kwance bakin zane, ta fito da kuɗin gaisuwar da aka ba ta. Da irin Hausarta ta ce, "Baba Sani, ka karɓa, mijina ne ya ci." Na rantse ba zan karɓa ba. Ta ajiye a bakin ƙofa ta juya. Sai da matata ta bi ta har ɗaki ta haɗa ta da Allah kafin ta yarda ta karɓi abinta. Ni da na so in rufa wa gidan mamaci asiri, na ƙare da sa matarsa jin kunyar tuwon da aka ci a makokinsa. A wannan ranar ban fita ko masallaci ba.

Na shida, kuma a taƙaice. Na je ofishinku na yi bayani. Saurayin ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Maigida, ba mu ba ne, sistem ne." Na ce to a haɗa ni da sistem ɗin in yi masa bayani. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na sayar da fatun da na tanada don aikin sallah a kan asara, na biya ku kaf, ba ku bina ko kwabo. Bayan wani lokaci saƙo ya shigo wayata, da Turanci, aka karanta min: an duba, babu laifi, an buɗe min. Shiru, cikin aljihuna, ni kaɗai. Zargin an yi shi da Hausa, da babbar murya, gaban dattawan unguwa, har sau biyu da rabi. Wankewar kuwa ko matata sai da na nemo mai fassara kafin ta ji.

Da na koma Dabokpa, Mma Adisa ta kama haɓa ta ce, "Da sun tambaye ni, da na faɗa musu mutuwa aka yi. Ni ma na sa gishiri a kai, sadaka." Lambarta na wajenku. Ba wanda ya kira ta.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

Kada na'urarku ta sake kiran kowa a kan bashin wani sai wanda mai bashin ya ambata da bakinsa, bayan an gaya masa da harshen da yake ji cewa za a iya kiransa. In ba a samu wannan ba, a jira, ko a aiko mutum ya same shi a wurin sana'arsa.

Kalmar zargi kada ta fito daga bakin na'ura. In lissafi ya nuna wani abu, mutum mai rai ya tambayi mai shago, ya tambayi mai bashin. A garin nan ana mutuwa, ana haihuwa, ana azumi, baƙi suna sauka ba sanarwa, kuma duk ranar da ɗaya ya faru tukunyar talaka tana ninkuwa. Ku buɗe mana hanyar da mutum zai ce an yi rasuwa a gidanmu, a ji shi.

In dole ne ta kira, ta fara tambaya ko mutum shi kaɗai ne, kada ta ambaci suna ko kuɗi sai ya amsa. Tsofaffinmu da yawa da babbar murya suke amsa waya, wasu kuma waya ɗaya ce a gida kowa na ɗauka. Ku kuma cire wannan "danna biyu" daga inda yatsan tsoho zai faɗa.

Ba na roƙon ku rufe shirin. Akwai magidanta da yawa da nake haɗuwa da su a hanyar Dabokpa, kowa da buhunsa a bayan keke, mu gaisa mu yi kamar ba mu gane juna ba. Asirinsu a rufe yake har yanzu. Don su na yarda na ƙara tona nawa.

Roƙona na ƙarshe nawa ne ni kaɗai. Tun ranar nan ban koma gaishe da Alhaji ba. Juma'a takan zo, in sayi goro, in kama hanya, in na hango dogonyaron sai in juya. Goron ya bushe a aljihuna ba sau ɗaya ba. Da farko na so in ce ku sa na'urar ta sake kiransa ta wanke ni, sai na ga ba na son muryar nan ta ƙara shiga kunnensa. Mutum nake so. Kai, ko wani babba daga ofishinku, ya zo ranar Juma'a bayan an sauko, ya cire takalmi daga nesa kamar yadda muke yi, ya tsuguna, ya gaya wa dattawan nan da bakinsa cewa Sani bai sayar da abincin kowa ba, makoki ya ciyar, kuma ya biya. Ba zai ɗauke ku lokacin shan shayi ɗaya ba. Ba na neman diyya.

Ko kun zo ko ba ku zo ba, ni dai Juma'ar nan zan je, don jiya matata ta dawo daga gidansu da wani labari. Ta ce Alhaji ya aika a kira ta, ita da bai taɓa zama da ita su biyu ba tun tana budurwa. Ya miƙa mata wayarsa ya ce, "Yarinyar nan, nuna min inda ake kashe ta gaba ɗaya." Ta nuna masa, ya gwada, ya sake gwadawa har ya iya. Mahaifiyarta ta gaya mata cewa duk Juma'ar da ta wuce, in wani ya zo zai zauna a gefen tabarmar nan inda nake tsugunawa, sai Alhaji ya ce masa ya matsa, wurin da mai shi. Yanzu kuma ya ce daga yau in an sauko masallaci wayarsa a kashe take har la'asar, a gaya wa mai takalma.

Tsoho mai nauyin kunne ya koyi kashe waya don kada in sake jin kunya a gabansa. Ban san da wane ido zan dube shi ba, amma dama ban taɓa dubansa ba. Zan cire takalmina, in tsuguna, in ajiye goro. In ya tambaye ni ko akwai abinci, wannan karon zan gaya masa gaskiya.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya sa albarka a aikinku, ya ciyar da waɗanda kuke ciyarwa. Allah ya rufa maka asiri kai da zuriyarka, kada ya nuna maka ranar da za a karanta abin da ke cikin tukunyarka gaban wanda kake jin nauyi.

Wassalam.

Naka,
Sani baduku,
Tishigu, Tamale.